Wanda ya taɓa zaman gidan yari, ya halatta a ba shi lasisin dillancin gidaje?

Yau ina so in taɓo wata magana da ke damun samarinmu amma ba a cika yinta a fili ba, wato makomar wanda ya fito daga Kirikiri ko Ikoyi yana son ya kama dillancin gidaje da filaye.

Kowa ya san yadda muka taso muka ga dillanci a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Ba takarda, ba ofis, mutum ya san masu gidaje ya san masu neman haya, ya haɗa su ya karɓi la'adarsa. To zamani ya sauya. A shekarar 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu kan dokar hukumar LASRERA, wadda ta wajabta wa masu harkar gidaje a jihar Legas su yi rajista. Ni ina goyon bayan wannan doka, domin duk wanda ya ga bangon gidajen Ikko cike da rubutun gargaɗi cewa gidan ba na sayarwa ba ne, ya san irin ɓarnar da 'yan 419 suka yi. Akwai dillalan da suka karɓi kuɗin ɗaki ɗaya a hannun mutane da yawa suka ɓace.

Inda nake da ja shi ne yadda muke yi wa duk wanda ya taɓa shiga gidan yari kuɗin goro. Jama'a, ba a taru an zama ɗaya ba. Wanda kotu ta ɗaure saboda ya cinye kuɗin haya daban, yaron da aka kama da babur bayan hana acaɓa a 2020 da 2022 daban, wanda aka kwashe a samamen rikicin kasuwa shi ma daban. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya ma jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Amma da zarar sun fito, sunansu ɗaya a bakinmu: tsohon fursuna.

Mu duba tsarin mulkin 1999. Sashe na 137 ya hana wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar shugaban ƙasa, amma na shekara 10 kawai. Idan kujerar shugaban ƙasa tana da wa'adin yafiya, don me ba da hayar ɗaki a Agege zai zama haramun har abada? Haka kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi a ba fursunan da ya nuna halin kirki takardar shaida, kuma ta hana a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi.

A ra'ayina, wanda laifinsa zamba ce ko cin amanar dukiya, a dakatar da shi wasu shekaru, kuma sai ya biya waɗanda ya zalunta kafin a saurare shi, domin dillanci amana ce. Wanda laifinsa bai shafi dukiyar mutane ba, a ba shi dama.

Shawarata ga ƙannenmu: idan takardar rajista ta tambayi tarihinku, ku faɗi gaskiya. Ƙarya a kan takardar hukuma sabon laifi ne, kuma 'yan sanda suna da rumbun bayanan masu laifi a Alagbon. Ku nemi kwafin hukuncin kotu ko takardar sallama, ku nuna wa lauya kafin ku biya ko sisi. Ku fara aiki a ƙarƙashin dillali mai rajista, kuɗin haya ya riƙa shiga asusun mai gida kai tsaye.

Su kuma sarakunan Hausawa da limamanmu, ina roƙonsu su tsaya wa duk yaron da suka shaida ya gyaru. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da muka rufe wa ƙofar halal a nan baƙunta, ƙarƙashin gada zai koma, kuma gobe idan ya yi ta'asa, sunan Bahaushe za a kira.

Allah ya shirye mu, ya tsare mana mutuncinmu. Wassalam.