A Riƙa Bambanta Gayyata Da Sammaci

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan yadda ake mayar da kalmomin kira na Turanci zuwa Hausa a labarai, domin sakacin da ake yi yana ɓatar da mai karatu.

Idan Bature ya ce "call", kira ne kawai, na baki ko na waya. "Invite" gayyata ce: wanda aka gayyata yana iya zuwa, yana iya ba da uzuri. Amma "summon" kira ne mai iko a bayansa. Daga "summons" muka samo sammaci, kuma duk wanda masinjan kotu ya taɓa yi wa sallama ya san ba katin biki aka kawo masa ba. Sashe na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa kowa sammaci ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi babu dalili, a fitar da takardar tilasta masa zuwa. To idan aka ce "summoned", jarida kuma ta rubuta cewa majalisa ta gayyaci minista, an ɓoye wa talaka ƙarfin da wakilansa suke da shi. Kuskuren ya fi muni in aka juya shi: mutum an gayyace shi ya yi bayani, a buga cewa an yi masa sammaci. An shafa masa kashin kaji tun bai buɗe baki ba.

A harkar jakadanci ma ana cakuɗa abu biyu. Ƙasa takan yi "summon" ɗin jakadan wata ƙasa, wato ta kira shi ma'aikatar harkokin waje ta nuna masa ɓacin ranta. Wannan ba sammacin kotu ba ne, jakada yana da kariya. "Recall" kuwa kiran jakadanka ne ya dawo gida, kamar yadda Faransa ta yi wa jakadunta na Amurka da Ostiraliya a 2021 kan cinikin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Kalmar nan dai, in ta shafi sanata da mazaɓarsa, ita ce kiranye.

Ranka ya daɗe, a umarci masu fassara su tambayi kansu kafin su rubuta: wa ya yi kiran, kuma me zai faru in ba a amsa ba?

Mai karatunku,
Wani malamin makaranta, Zariya