Kayan Ɗaukar Sauti Masu Araha: Abin da Ya Kamata Manazarcin Hausa Ya Fara Saye

Daga cikin matsalolin da ba a cika tattaunawa ba a sassan nazarin Hausa akwai ingancin sautin da ɗalibai ke dawowa da shi daga fagen bincike. Yawancin hirarraki da waƙoƙin baka da ake kafa hujja da su a kundaye, da wayar hannu ake ɗaukar su, sannan a tura ta WhatsApp, inda manhajar ke matse sautin domin ya yi sauƙin tafiya. Irin wannan ɗauka tana isa a rubuce abin da aka faɗa, amma ba ta isa a ajiye muryar wani dattijo ko makaɗi domin masu zuwa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ƙaramin situdiyo na gida ya zama cikin kayan aikin manazarci, kuma wanda kuɗinsa kaɗan ne ya bi tsari wajen saye: akwatin shigar da sauti da makirfo tukuna, sai gyaran ɗaki, lasifika kuma daga ƙarshe.

Dalilin damuwa da inganci yana cikin harshen kansa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na itace da kuka na hawaye karin sauti ne ya raba su. Gari na mazauni da gari na tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne. Haka bambancin kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, yana rataye ne a kan ɗan motsin maƙwallato na ƙiftawar ido. Mai son auna waɗannan a manhajar Praat yana bukatar sautin da ba amsa-kuwwa a cikinsa, wanda kuma waya ba ta yi masa kwaskwarima ba. Haka abin yake ga kiɗa. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar magana, kuma armashin kuntigi ko gurmi yana cikin siririn amon tsirkiya. Abin da ya rage na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne abin da na'urorin zamaninsu suka iya kamawa. Makaɗan da ke raye yanzu ma da abin da aka ɗauka yau za a san su.

Akwatin shigar da sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, shi ne ke ƙara wa siginar makirfo ƙarfi, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ajiyewa. Abubuwa uku ya kamata mai saye ya duba. Na farko, ya iya ɗauka a kan bit 24 da kilohaz 48, wanda shi ne mafi ƙarancin ma'aunin da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta shawarta domin adanawa. A nan ne araha ke iya yaudara: Behringer UMC22 yana tsayawa a bit 16, alhali UMC202HD na kamfanin ɗaya yana kai wa bit 24 da ɗan ƙarin kuɗi. Na biyu, yawan kafofin makirfo. Focusrite Scarlett Solo kafar makirfo ɗaya gare shi, Scarlett 2i2 kuwa biyu. Waƙar baka ta Hausa ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, don haka kafa biyu ita ce mafi ƙarancin abin da zai yi amfani. Na uku, wutar bolt 48 da makirfo mai kwandensa ke bukata. Waɗannan akwatuna duk suna shan wuta daga kwamfuta ta wayar USB, wanda babbar fa'ida ce a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Game da makirfo, sabon mai saye yakan ɗauka mai kwandensa ya fi, domin shi ake gani a hotunan manyan situdiyo. Amma kaifin jinsa yana kwaso ƙarar janareta da fanka da baburan titi. A ɗakin da ba a gyara ba, makirfo irin Shure SM58, wanda ake kusantar da shi ga baki, ya fi ba da sauti mai tsabta, kuma ya fi jure ƙura da tafiya ƙauye.

Ɗaki shi ne abin da aka fi mantawa da shi, ga shi kuwa shi ya fi sauƙin kuɗi. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da sauti, su cakuɗa ƙarshen kalma da farkon mai bi mata. Labule mai kauri da darduma da katifa da kantar littattafai suna rage wannan matuƙa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa amfaninsa kaɗan ne, kuma ba ya hana ƙarar waje shigowa.

Sai batun lasifika, inda aka fi ɓarnar kuɗi. Lasifikar biki da ta falo an ƙera su ne domin su daɗaɗa sauti, su kumbura amon ganga. Aikin lasifikar situdiyo shi ne ta faɗi gaskiyar abin da aka ɗauka, ko da ba daɗin ji. Ga ƙaramin ɗaki, mai faɗin inci 5, kamar JBL 305P ko Yamaha HS5, ta wadatar. Mai inci 8 za ta cika ɗakin da rugugin da zai ruɗi kunne. PreSonus Eris 3.5 ta fi araha kuma tana isa ga aikin magana, sai dai ba ta fitar da zurfin amon babbar ganga. A ajiye lasifikun biyu daidai tsayin kunne, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowace zuwa ga mai sauraro, kuma kada a manna su da bango. A duba kuma ko kayan na bolt 230 ne, domin wasu na hannu da ake shigowa da su daga Amurka na bolt 120 ne. Wanda kuɗinsa bai kai ba, hedifon nagari mai rufe kunne, kamar Audio-Technica ATH-M40x, zai riƙe shi tsawon lokaci. Lasifika ba ta ƙara komai a cikin abin da aka riga aka ɗauka. Shi ya sa ta zo ƙarshe.

Akwai masu ganin cewa tunda situdiyoyin kasuwa sun cika Kano, musamman a titin Gidan Zoo, ba sai manazarci ya sayi komai ba. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. Waɗannan situdiyoyi sun ƙware ne a waƙoƙin fiyano, inda ake gyara murya da manhaja a kuma ƙara mata amsa-kuwwa, kuma wannan gyara shi ne ke lalata hujjar mai nazarin furuci. Sannan tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa ko na daɓe ba za ta baro ƙauyenta zuwa situdiyo ba. Kayan ne za su je inda take.

Hujjar tsada ta fi ƙarfi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi wa ɗalibi nauyi. Maganin wannan yana hannun sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna. Sashe ɗaya zai iya sayen akwati biyu ko uku da makirfo da hedifon, ya riƙa ba ɗalibai aro kamar yadda ɗakin karatu ke ba da littafi, ya kuma ware ƙaramin ɗaki guda mai lasifika biyu domin sauraro da tantancewa. Manhajar Audacity kyauta ce, haka ma Praat. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida: duk kundin da ya dogara da hira ko waƙa, a miƙa shi tare da asalin sautin a tsarin WAV, da sunan wuri da ranar ɗauka da izinin mai muryar.

Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma manazarci ba ado yake nema ba. Sashen da ya bi wannan tsari zai tarar, bayan 'yan shekaru, ya tara taskar muryoyin da wani manazarci zai iya komawa gare ta ya tabbatar da abin da aka rubuta, ko ya gyara shi.