A Gyara Kombi Don Hanya

Wannan makon zancen mota zan yi, kada wani ya ce na ɓata hanya.

A Turai da Amurka akwai masu kashe kuɗi da shekaru wajen farfaɗo da tsohuwar motar nan ta Volkswagen da muka sani da Kombi, musamman wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya riƙa mayarwa ɗakin kwana tun 1951: kujerar baya ta miƙe ta zama gado, ga kabad, ga wurin wanke kwano, a wasu ma rufin ana ɗaga shi sama mutum ya tsaya. An fara ƙera motar a 1950, ta ƙarshe kuma ta fito a Brazil a 2013. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, an harhaɗa ta a Legas, ita ce ma danfo ta farko-farko.

Masu wannan sha'awa sun kasu biyu. Akwai masu gyara ta su shiga hanya da iyalinsu. Akwai kuma masu bin kowane noti sai ya zama na asali, su fesa fenti, su lulluɓe ta a gareji suna jiran ranar gwanjo, tunda wasu samfuran masu tagogi 21 ko 23 sun haura dala dubu ɗari. Ni ina tare da na farko, kuma ina ganin na biyun suna cutar motar da masu sonta.

Dalilina shi ne an gina motar nan don talaka mai sifana. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya tafasa. Abin da take buƙata sananne ne: canjin baƙin mai da saita bawul kusan duk kilomita 5,000, sai sauya tiyon fetur, domin tsohon tiyo da ya tsage a kan inji mai zafi ya ƙone Kombi da yawa ƙurmus. Babban abokin gaba tsatsa ne, a ƙasan bodi, gindin gilashin gaba da mazaunin batir. Nan kuɗin ke tafiya, wurin mai walda. To motar da aka ajiye ba a tuƙawa, robobinta bushewa suke, birki ya ƙage, fetur ya lalace a tanki. Ajiyar ma lalata ta take yi, a hankali dai.

Masu ajiya za su ce ba don su ba da tarihi ya ɓace. Akwai gaskiya a nan, kuma kasuwarsu ta taimaka har yau ana ƙera sababbin kayan gyara. Mu da muka bar namu 'yan gwangwan suka yanka suka auna a kilo, ba mu da bakin yi musu dariya. Amma farashin da suka tayar ya sa saurayin da zai koyi gyaranta da hannunsa ba ya iya sayen ko gawarta.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 1969 wani injiniya Ba'amurke, John Muir, ya buga littafi da kansa mai suna How to Keep Your Volkswagen Alive, da zane-zanen hannu na Peter Aschwanden. Ya rubuta shi ne don wanda bai taɓa riƙe sifana ba, cikin harshen hira, ya gaya maka ka kwanta ƙarƙashin mota, ya gaya maka abin da idonka zai gani. An sayar da miliyoyin kwafi, kuma har yau masu Kombi na yawo da shi duk ya sha baƙin mai. A cikinmu wa zai zauna da makanikai ya rubuta irinsa da Hausa, ko da a kan Keke Napep ne? Ina jiran amsarku a ƙasa.