FILIN LAMBU: Ƙwarin Da Ke Kashe Itatuwan Furanni Da Yadda Ake Maganinsu

A wannan mako filin ya waiwayi itatuwan ƙawa masu daɗewa, watau irin su hibiskus, da bogenbiliya, da iksora, da faranjifani, waɗanda akan dasa a ƙofar gida, ko makaranta, ko harabar ma'aikata. Irin waɗannan shuke-shuke sun bambanta da gero ko wake, domin ba a girbe su a share wurin. Suna nan tsaye rani da damina, saboda haka ƙwaron da ya sami mazauni a jikinsu yakan yi ta hayayyafa shekara da shekaru, har ya kashe itacen da aka yi shekara biyar ana ba shi ruwa, ya kuma tsallaka kan gwanda da mangwaro da barkonon da ke kusa.

Na farko a cikinsu shi ne ƙwaron darɓa, ɗan mitsitsi mai taushin jiki, kore ko baƙi, wanda kan yi dandazo a kan sabon toho da ƙarƙashin ganye yana tsotse ruwan itace. Macensa takan haifi 'ya'ya da rai ba tare da namiji ba, su kuma cikin kamar kwana 10 sun isa haihuwa. Hibiskus na shan wahalarsa ƙwarai, domin dangin auduga ne da kuɓewa da rama, kuma ƙwaron da ke cin waɗannan shi ke cinsa. Alamarsa ita ce ganye ya nannaɗe, ya riƙa danƙo, daga baya wani baƙi kamar kunkunniya ya rufe shi ya tare masa hasken rana.

Na biyu shi ne farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga, wanda kan maƙale a gaɓar reshe da gindin fure. Ya fi ƙarfi da rani, lokacin da babu ruwan sama mai wanke shi. Na uku kuwa farin ƙuda ne, wanda in an girgiza reshe sai ya tashi kamar ƙura. Akwai wani irinsa mai jera ƙwai a zagaye kamar naɗin faifai a bayan ganye, wanda aka fara gani a Nijeriya a 1992. Ban da waɗannan masu tsotso, akwai masu tauna, watau tsutsa da fara, waɗanda aikinsu a fili yake, domin sukan bar huji a ganye. Ita kuwa gara ta ƙasa take biyowa, sai dai a wayi gari a ga itace ya yi yaushi alhali ba a fasa ba shi ruwa ba.

To, matakin farko shi ne dubawa. Ya kamata mai lambu ya zagaya sau ɗaya a mako da sassafe, yana juya ganye yana duba bayansa. In ya ga tururuwa na hawa da sauka a jikin itace, to, akwai masu tsotso a sama, domin zaƙin da suke fitarwa take sha, tana kuma kore musu abokan gaba. Idan abin bai yi yawa ba, a yanke reshen da ya kamu a ƙone shi, a tsince tsutsa da hannu, sauran kuma a wanke su da ruwa mai ƙarfi. Haka nan a rage zuba takin zamani barkatai, domin yawan toho mai laushi shi ke kiran darɓa.

Idan wannan bai wadatar ba, sai a koma ga darbejiya. A samo busassun 'ya'yanta, a ɓare, a daka kamar giram 50 domin kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, sa'an nan a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan kwana 7, domin rana na saurin kashe ƙarfinsa. Yana da kyau a fara gwadawa a kan reshe ɗaya, saboda sabulu in ya yi yawa yakan ƙona ganye.

Wajibi ne kuma a san cewa ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigo-ɗigo baƙi abincinsa darɓa ne. Tarihi ma ya nuna amfanin irin waɗannan mataimaka. Lokacin da farin ƙwaro ya auka wa rogo a Afirka cikin shekarun 1970, masana na cibiyar IITA da ke Ibadan sun kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka, suka sake shi a 1981, shi ne ya karya lagon annobar. Wanda ya yi feshin guba ba lissafi, mataimakansa yake fara kashewa, har da ƙudan zuma.

Saboda haka maganin kanti shi ne mataki na ƙarshe. A sayi wanda ke da lambar rajistar hukumar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, a rufe hanci da hannu, kada kuma a fesa lokacin iska ko sa'ad da zuma ke kan fure. A guji tsofaffin magunguna irin su Gamalin, wanda yarjejeniyar duniya ta sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu a 2009. Furannin gida kusa suke da yara da kaji da randar ruwa, don haka a kulle kwalbar a inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Daga ƙarshe, duk wanda zai sayi dashe a wurin masu sayar da furanni na bakin titi, ya duba bayan ganyensa tukuna, ya kuma ajiye shi gefe guda har mako biyu kafin ya haɗa shi da sauran. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.