A Bar Ɗalibi Ya Karanta Sunan Albasa da Kunnen Hausa

A takardun jarrabawa da na sha dubawa, ɗalibai da dama, har da 'yan Aliero da suka tashi a gonar albasa, sukan rubuta sunanta na kimiyya, wato Allium cepa, da "l" guda. A ganina laifin namu ne, mu malamai. Muna furta waɗannan sunaye da lafazin Ingilishi, alhali tun da Linnaeus ya daidaita tsarinsu a 1753 da Latin ake rubuta su. Italiyanci kuwa yana cikin 'ya'yan Latin da suka fi riƙe kamanninta, kuma gaɓoɓinsa sun fi kusa da na Hausa nesa ba kusa ba.

Bature ɗan Ingila ba ya jan baƙi biyu idan ya gan su a jere. Mutumin Italiya yana ja: "nono" a wurinsa na tara ne, "nonno" kuwa kaka namiji, kamar yadda muke rarrabe baba da babba. Balle mutanen Jega da Maiyama, masu cewa kassuwa da hulla! Yaron da aka koya wa al-li-um, gaɓa gaɓa, da wuya ya sake yar da harafin.

Sai batun ƙarfin furuci. Mu da karin sauti muke raba kukan yaro da kukar miya. Su kuwa gaɓa ɗaya suke dannawa, galibi ta kusa da ƙarshe, sai dai akwai masu saɓawa: "papa" Fafaroma ne, "papà" uba. Ƙa'idar Latin ta fi sauƙi. In gaɓar kusa da ƙarshe mai nauyi ce, ita ake dannawa. In marar nauyi ce, a koma wadda ke gabanta. Wannan awo na nauyin gaɓa duk mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya san shi, don haka malamin Hausa na iya taimaka mana a nan.

Amma fa a yi hattara. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa harshenmu ke cusa wasali, Plasmodium ya koma filasmodiyum, ɗalibi ya rubuta haka ya rasa maki. Harafin "c" ma a lafazin Italiya namu ne sak a cepa, amma a Sorghum bicolor, sunan dawa, "k" ake karanta shi.