Fasfo Biyu Ga Ba'amurke, Ɗan Gida Fa?

Hausawa kan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Shekara da shekaru matasanmu na cika layi a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja suna neman biza, sai ga shi yau Amurkawa da kansu sun fara tattara komatsansu suna neman ƙasar da za ta karɓe su. A shekarar 2024 kaɗai, Amurkawa sama da 6,000 suka nemi zama 'yan ƙasar Birtaniya. Wasu sun dogara da kakanninsu suna neman fasfon Ailan ko Italiya, har Italiya ta tsaurara dokarta a 2025. Dalilan da suke bayarwa sun haɗa da tsadar magani, yawan harbe-harben bindiga, rikicin siyasa da wariyar launin fata. Dokar Amurka kuwa ba ta hana ɗan ƙasarta riƙe fasfo biyu ba, illa dai harajinta na bin sa duk inda ya je.

Wani ɓangare na wannan ƙaura ya fuskanci Afirka ta Yamma. Gana ta ayyana 2019 a matsayin Shekarar Dawowa, domin cika shekara 400 da sauke bayin Afirka a Bajiniya a 1619. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Akufo-Addo ya bai wa mutum 126 takardar zama 'yan ƙasa, a 2024 aka ƙara wa wasu 524. Jamhuriyar Benin ma ta yi doka a 2024 da ta bai wa jikokin bayi wannan dama.

To, mai karatu, ina matsayin Nijeriya? Ni a ganina ya kamata mu buɗe wannan ƙofa, domin daga cikin waɗanda aka ɗaure aka tura bayan teku akwai namu. Bayi Hausawa ne suka shirya tawayen Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807, suna kuma cikin waɗanda suka yi na 1835. Muhammadu Ali Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, ya shiga sojan Amurka a 1863 lokacin yaƙin basasar ƙasar. Wanda kakansa ya bar wannan yanki da sarƙa a wuya, ba daidai ba ne a jera shi layi ɗaya da baƙon da ya zo neman kwangila. Amma sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bambanta su ba, dukkansu sai sun yi zaman shekara 15 kafin a saurare su. Sashe na 26 kuma ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista, ya yi shiru game da baƙon da ya auri 'yar Nijeriya.

Sai dai ina da sharuɗɗa biyu. Na farko shi ne harshe. Duk mai son zama namu ya koyi ɗaya daga cikin harsunanmu, ko Hausa, ko Gwari, ko Nufanci, ko wani, gwargwadon yadda zai yi ciniki a kasuwa, ya gai da maƙwabci, ya yi ta'aziyya. Wannan ba abu ne da ya gagari Ba'amurke ba. Mu ɗaliban harshe mun san Paul Newman, wanda ya jagoranci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, da marigayi Russell Schuh, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Malam Takalmi. Idan ba a sa wannan sharaɗi ba, abin da za mu samu shi ne masu dala da za su killace kansu a Maitama da Asokoro, su ƙara wa haya tsada, talaka ya ci gaba da gangarowa Suleja da Madalla neman ɗakin da zai iya biya.

Sharaɗi na biyu ya fi nauyi, wato mu fara share gidanmu. Ni ɗan Izom ne, kuma tarihin ƙasarmu tarihin karɓar baƙi ne. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, cikin Gwari da Koro mutanensa suka sami wurin zama, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. A Minna ma an ga yadda Hajiya A'isha Lemu, haifaffiyar Ingila, ta zama 'yar gida, ta yi wa ilimi hidima har rasuwarta a 2019.

Duk da wannan tarihi, yau akwai yaron da aka haifa a Izom ko Suleja, a nan aka yanke cibiyarsa, a nan ya yi makaranta, a nan iyayensa ke biyan haraji, amma in ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma sai a ce ya koma garin kakansa. In ya je Katsina ko Sakkwato, can ma a ce ba a san shi ba. Haka gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati ke kuɓuce masa, ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma wannan takarda ta fi sashen ƙarfi a ofisoshinmu.

Wasu za su ce wannan takarda ce ke kare ƙananan ƙabilu daga dannewar masu yawa, kuma maganarsu abin dubawa ce, musamman ga Gwari da gina Abuja ya raba da yawansu da gonakinsu tun daga 1976. Amma ana iya kare sarauta da filayen gado na 'yan asali ba tare da hana yaron da aka haifa a gari gurbin makaranta ba.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Tarayya da ta gyara waɗannan sassa gaba ɗaya: ta rage wa jikokin bayi shekarun jira, ta daidaita mace da namiji a batun aure, ta kuma amince cewa haihuwa da doguwar zama a gari suna ba mutum haƙƙin ɗan gari. Kyan alheri ya fara daga gida. Allah ya sa shugabanninmu su ji, amin.