Garkuwar jini tana cikin rumbu

Duk manomin da ya manta hauyarsa a gona da damina ya san abin da zai tarar: tsatsa. Wani sashe na iskar da ake shaƙa, wanda masana ke kira oksijan, shi ke cin ƙarfe haka. A jikin ɗan Adam ma, yayin da yake ƙona abinci don a samu ƙarfi, yakan bar wasu ɓurɓushi masu lalata ƙwayoyin jiki. Sai dai Allah ya ajiye masu gadi a cikin jini.

In aka ɗebi jini a kwalba aka hana shi daskarewa, jan yakan kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwa ya fi rabin jinin duka, kuma cikinsa akwai sinadaran gina jiki, watau furotin. Babbansu shi ne albumin: a kowace lita ta ruwan jinin mai lafiya akwai giram 35 zuwa 50, kuma hanta ce ke ƙera shi kullum. Yana tare waɗancan ɓurɓushi, yana kuma riƙe ruwa cikin jijiyoyi. Na biyu, taransferin, yana ɗaure sinadarin ƙarfe don kada ya yi yawo sake ya hura wutar ɓarna. Na uku, haftogulobin, yana kwashe jan da ke zuba in masassarar cizon sauro ko amosanin jini ta fasa ƙwayoyin jini.

In waɗannan masu gadi suka ragu, ana ganin sakamakon ga ƴan yaye. A 1933, likita Cicely Williams ta bayyana wata cuta a Akkara, wadda ta kira kwashiyoko a 1935: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. Albumin yakan yi ƙasa ƙwarai a jinin irin waɗannan yara. A 1987 likita Michael Golden ya kawo ra'ayin cewa tsatsar jiki tana da hannu cikin cutar. To, amma a gwajin da aka buga a 2005, an ba yara fiye da 2,000 na ƙasar Malawi garin sinadaran hana tsatsa, bai kuwa hana su kumburi ba.

Darasin a fili yake. Ba a sayen garkuwar jini a faifan mai tallar magani. Hasali ma, ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada a ba yaro mai tamowa mai tsanani ƙwayar ƙarin jini a kwanakin farko na jinya, domin ƙarfen da ba shi da mai ɗaure shi guba ne. Uwar da ta saya wa ɗanta mai kumburi wannan ƙwaya a kasuwa, da niyyar alheri, tana iya ƙara masa ciwo. Wurinsa likita.

Saboda haka abu biyu ya kamaci magidanta. Na farko, ciyar da hanta. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, amma sau da yawa buhu kan tafi kasuwa tun kaka, a bar yaro da kunun hatsi tsura. Ya kamata a ware rabon yara kafin na ɗan kasuwa, a haɗa musu da ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da ganyen zogala. Na biyu, kare hantar kanta: a zubar da gyaɗar da ta yi funfuna, a kai jarirai rigakafi, wanda tun 2008 ya ƙunshi na ciwon hanta.

Ma'aikatan lafiya da na gona, da malaman yaƙi da jahilci, su ne za su kai wannan magana zauren mai gari. Wanda ya iya karatu kuwa, ya karanta wa maƙwabcinsa, domin rigakafi ya fi magani.